SHARHI: Ƴan ƙabilar Yukagir na ƙaruwa, harshensu na ƙarewa

 Sharhinmu na yau zai kai mu nesa, can ƙarshen ƙasar Rasha ta wajen arewa maso gabas, wurin wata ƴar ƙaramar ƙabila da ake kira Yukagir. Dalili kuwa shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekaru goma, daga 2022 zuwa 2032, domin ceto harsunan ƙananan ƙabilu na duniya, kuma duk mai son ya san ko wannan alkawali zai cika, to ya dubi irin su Yukagir, domin su ne ke bakin rami.

Ga lissafin a taƙaice. A ƙidayar jama'a ta 1959, Yukagir ba su wuce mutum 440 da ƴan kai ba. A 2002 sun kai 1,509, a 2010 sun kai 1,603, a ƙidayar 2021 kuma sun kai wajen 1,800. Ke nan sun ninka har sau huɗu. Amma masu cewa suna jin harshen sun sauko daga 604 a 2002 zuwa 370 a 2010, wato a cikin shekaru takwas kacal an rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kowane ɗan kasuwa ya san irin wannan lissafi: shago cike da mutane, ana ta shiga ana fita, amma uwar kuɗi tana narkewa. Tambayarmu ita ce, yaya aka yi mutane suka rayu harshensu yana mutuwa?

Su wane ne Yukagir?

Mafi yawansu suna zaune a jamhuriyar Saha, wadda aka fi sani da Yakutiya, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin da ke cikin tarayyar Rasha. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyon 3, ya ninka Nijar fiye da sau biyu, amma jama'arta wajen miliyon ɗaya ne kawai. A lokacin ɗari sanyi kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, koguna su daskare har manyan motoci su riƙa bi ta kansu. Babban koginsu shi ne Kolima, mai tsawon fiye da kilomita 2,000.

Yukagir kashi biyu ne. Akwai na daji, masu kiran kansu Odul, da ke zaune a ƙauyen Nelemnoye da garin Ziryanka a saman kogin. Sana'arsu farauta da kamun kifi. Akwai kuma na fili, masu kiran kansu Wadul, a ƙauyukan Andiriyushkino da Kolimskoye, kusa da tekun ƙanƙara, inda itace ba ya tsiro. Su makiyaya ne, suna kiwon wata irin barewar ƙanƙara mai rassan ƙaho, wadda ita ce namansu, ita ce tufarsu, ita ce kuma abin hawansu. Harsunan ɓangarorin biyu asalinsu ɗaya, amma sun yi nisa da juna har ba sa fahimtar juna. Saboda haka waɗancan mutum 370 ma sai an raba su biyu, kuma masana da suka zauna a ƙauyukan sun nuna cewa waɗanda suka iya harshen sosai ba su kai haka ba. Na daji ya fi shiga haɗari, domin tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu iya hira da shi daga farko har ƙarshe.

A da ba haka suke ba. Shekaru 400 da suka wuce, ƙasarsu ta tashi daga kusa da kogin Lena har zuwa kogin Anadir, tafiyar watanni. Har yau a harshen maƙwabtansu Yakut, wani haske da ke bayyana a sararin sama da dare a waɗannan ƙasashe, sunansa wutar Yukagir. Labarin gargajiya ya ce yawan murhunsu ne ya haska sama.

Lampon fata

Masifar farko ta zo ne ta hanyar ciniki. A shekarun 1630 da 1640 mayaƙan sarkin Rasha da ake kira Kosak suka iso waɗannan koguna. Abin da ya kawo su wata ƴar dabba ce mai kama da tunku, wadda Rashawa ke kira sobol, mai laushin gashi, da sarakuna da attajiran Turai ke saye da tsada domin ɗinka rigunan sanyi. Aka ɗora wa kowane namiji baligi lampo na shekara, ana biya da fata, sunansa yasak. Domin kada a gudu, sai a kama shugaban zuri'a ko ɗansa a tsare a sansani a matsayin jingina, har sai danginsa sun kawo fata.

Mutumin da a da yake farautar abin da zai ci, ya koma farautar abin da zai biya. Bayan haka cutar agana ta shigo, ta yi ɓarna mai yawa a ƙarshen ƙarni na 17. Aka kuma jefa su cikin yaƙe-yaƙen Rashawa da ƙabilun Cukci da Koryak. Masana tarihi sun kiyasta cewa lokacin zuwan Rashawa Yukagir sun kai wajen mutum 5,000. A ƙidayar 1897 ba su kai 1,000 ba. Wasu rassan ƙabilar, irin su Omok da Cuwan, harsunansu sun ɓace gaba ɗaya, jikokinsu suka narke cikin Rashawa da Cukci da Yakut da Ewen.

Bayan lampo sai bashi. Fatake suna kawo shayi, taba, gari, tukwane da harsashi, su bayar bashi kafin lokacin farauta, su dawo su karɓi fata a kan farashin da suka ga dama. Wanda ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya da kaka ya san yadda wannan igiya take shaƙe wuya. Wani masani mai suna Yokelson, wanda gwamnatin sarki ta kora zuwa Yakutiya, ya zauna da Yukagir a shekarun 1890, ya rubuta yadda yunwa ke kama su a ƙarshen ɗari da yadda bashi ya ɗaure su. A nan ne harshe ya fara raunana, domin mai bin bashi ba ya koyon harshen wanda yake bi. Wanda ake bi shi ke koyon harshen mai kaya.

Wannan ya sa Yukagir suka zama gwanayen harsuna. Tsohon makiyayi a ƙasan Kolima yakan ji harshe huɗu ko biyar: nasa, da Ewen, da Cukci, da Yakut, da Rashanci. Abin sha'awa ne, amma akwai tarko a ciki. Su suna jin na kowa, ba mai jin nasu. In an haɗu a wurin ciniki ko a gidan biki, harshen Yukagir ne na farko da ake ajiyewa a bakin ƙofa.

Zamanin Sobiyet

Gwamnatin Sobiyet ta soke tsohon tsarin fatake, ta kawo likita da makaranta, kuma gaskiya ne cewa daga shekarun 1960 yawan Yukagir ya fara hawa. Amma ta zo da nata nauyi. A shekarun 1930 aka tattara mafarauta da makiyaya cikin gandayen gwamnati, aka zaunar da su a ƙauyuka tare da wasu ƙabilun da suka fi su yawa. A lokaci guda kuma yankin Kolima ya zama ƙasar gidajen kaso na Stalin, inda aka kwaso dubban ɗaruruwan fursunoni domin haƙar zinariya. Masu ƙasa suka zama ƴan tsiraru a gidansu.

Marubucinsu na farko, Nikolai Spiridonof, wanda aka fi sani da Teki Odulok, an haife shi a 1906. Ya yi karatu mai zurfi a Leningrad, kuma abin da ya yi bincike a kai shi ne yadda fatake suka cuci Yukagir kafin juyin juya hali. An kama shi a 1937 bisa zargin yi wa Japan leƙen asiri, aka harbe shi a 1938, daga baya gwamnati ta wanke shi. Ƙabila mai mutum ƴan ɗari ta rasa ɗanta mafi ilimi yana da shekara 32 ko ƙasa da haka.

Amma abin da ya fi karya harshen shi ne makarantar kwana. Iyaye suna daji ko suna bin garke, sai a kwashe yara a kai su ƙauye su yi watanni tara a hannun malamai, karatu da wasa duk da Rashanci. Yaro ya dawo hutu, kaka ta yi masa magana da Yukagir, ya amsa da Rashanci. Shi kuma da ya girma ya yi aure, sau da yawa da ƴar wata ƙabila, ba shi da abin da zai ba ɗiyansa. Wani masanin harsuna, Nikolai Bahtin, ya yi bincike a Nelemnoye da Andiriyushkino a 1987, ya tarar harshen ya jeru bisa shekaru kamar matakala: tsofaffi sun iya, masu matsakaicin shekaru suna ji amma sun fi sakewa da Yakutanci ko Rashanci, matasa kuwa sai ƴan kalmomi. Tsofaffin 1987 yau babu su. Wannan shi ne bayanin faɗuwar da ƙidaya ta nuna.

Kasuwa bayan 1991

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, gandayen gwamnati suka durƙushe, albashi ya tsaya, jirage masu saukar ungulu da ke kawo kaya suka yi wuya. Mutanen Nelemnoye suka koma daji neman nama da fata kamar kakanninsu, suka kafa ƙungiyar mafarauta mai sunan Teki Odulok. Sai tsohuwar matsala ta dawo: wa ke yanka farashi?

Wani masani ɗan ƙasar Danmark, Rane Willerslev, wanda ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1990, ya ba da labari a littafinsa na 2012 cewa ya yi ƙoƙarin haɗa mafarautan kai tsaye da kasuwar gwanjon fata ta Kofanhagin, domin su tsallake kamfanin gwamnatin Yakutiya da ya kankane cinikin. A cewarsa, abin ya ƙare da kama abokin aikinsa da ƙwace fatun, shi kuma ya gudu daji ya ɓuya na tsawon watanni. Duk mai sayar da albasa ko wake ko fata a wurinmu ya san cewa riba ba ta wurin mai noma ko mai kiwo, tana wurin wanda ya riƙe hanya.

Me ya haɗa wannan da harshe? Harshen Yukagir harshen aiki ne. Kalmominsa masu yawa na sawun dabba ne, da yanayin ƙanƙara, da shekarun barewa da launinta, da jimar fata da ɗinki. In farauta da kiwo ba sa ciyar da gida, saurayi zai tafi Yakutsk neman aiki, budurwa ta tafi karatu ba ta dawo ba, kuma kalmomin nan su zauna ba mai amfani da su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yanzu kuma ga sauyin yanayi. Ƙasar yankin daskararriya ce tun dubban shekaru, amma ta fara narkewa. A ranar 20 ga Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Berhoyansk na Yakutiya, abin da hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa ba a taɓa aunawa ba a wannan yanki na ƙanƙara. Kogin Alazeya ya sha yi wa Andiriyushkino ambaliya, makiyaya na rasa wuraren kiwo. Narkewar ta buɗe wata sabuwar sana'a: haƙar hauren mamut, wata giwa mai gashi da ta ƙare tun zamanin da. Ana sayar da hauren galibi ga ƙasar Sin, wadda ta hana cinikin hauren giwa a ƙarshen 2017. Kuɗi ne na kasada, wani ya samu, da yawa su dawo da bashin mai da na inji. A 2002 an tono kan wata mamut kusa da wani ƙauye mai suna Yukagir, aka kai shi baje kolin duniya na Japan a 2005, jama'a suka yi ta layi suna kallo. Duniya ta san sunan Yukagir ta dalilin mushen giwa, alhali masu sunan suna rasa bakinsu ba wanda ya ji.

Abin da ake yi, da inda ya gaza

Ba a zauna hannu rabbana ba. Wasu ƴan uwa uku ƴan gidan Kurilof sun yi aiki babba. Semiyon ya rubuta littafin labari kan rayuwar mutanensa wanda ya fito a 1969. Gabril, masanin harshe kuma mawaƙi, shi ya tsara wa Yukagir haruffa a shekarun 1980, ya kuma fitar da ƙamus na Yukagir da Rashanci a 2001. Nikolai mai zane ne kuma marubuci, ya yi aikin shirye-shiryen radiyo da harshen. Kafin haruffan nan, abin da Yukagir ke da shi zane ne a kan ɓawon itace, wanda mafarauci ke bari domin na baya su san inda ya nufa.

Ta fuskar doka ma an yi ƙoƙari. Dokar harsuna ta Yakutiya ta 1992 ta amince da Yukagir a matsayin harshen hukuma a inda masu shi ke zaune. A 1998 aka yi dokar da ta ba su wani tsarin mulkin kai na ƙauye mai suna Suktul. Ana koyar da harshen a makarantun Nelemnoye da Andiriyushkino, gidan radiyo da talbijin na Yakutiya yana da shiri da harsunan ƙananan ƙabilu, masana daga Rasha da Turai sun naɗi muryoyin tsofaffi sun rubuta nahawu.

To me ya sa lissafi bai gyaru ba? A ganinmu dalilai uku ne. Na farko, an yi wa harshen haruffa bayan ya riga ya fita daga ɗakin uwa. Darasi na ƴan sa'o'i a mako ba ya maye gurbin uwa mai yi wa ɗanta faɗa da rarrashi da harshen. Na biyu, harshen ba ya kai yaro ko'ina. Jarrabawar ƙarshen sakandare, wadda ta yi daidai da bakalorya a wurinmu, dole sai da Rashanci, aikin gwamnati da Rashanci, kanti da asibiti da Rashanci ko Yakutanci. A 2018 kuma Rasha ta sauya dokar ilimi, koyon harshen gida ya zama sai iyaye sun zaɓa. Uwar da ke son ɗanta ya ci jarrabawa, in aka ce ta zaɓa, mun san abin da za ta zaɓa, kuma ba mai ganin laifinta.

Na uku shi ne ya bayyana abin da ya ɗaure mana kai tun farko. A Rasha, ƙabilar asali da ba ta kai mutum 50,000 ba tana da wasu haƙƙoƙi: izinin farauta da kamun kifi, da samun kuɗin tsufa da wuri. Saboda haka ɗiyan auren gauraye da yawa ana rubuta su Yukagir, ga kuma alfahari da asali da ya farfaɗo tun shekarun 1990. Sunan ƙabila yana da amfani a takarda, harshen kuwa ba a tambayar sa a ko'ina. Shi ya sa suna ke ƙaruwa, baki na raguwa.

Ra'ayinmu shi ne, in ana son shekarun nan goma na Majalisar Ɗinkin Duniya su yi wa Yukagir amfani, sai an haɗa abu biyu. A sa tsofaffin da suka rage, musamman mata, su zauna da ƙananan yara kullum, a biya su kamar yadda ake biyan malamai, domin kowace tsohuwa da ta rasu ta tafi da kayan da ba a sarowa a wata kasuwa. Sannan a bar mafarauci da makiyayi su ci ribar guminsu, domin matasa su ga dalilin zama. Ƙamus da faifan murya suna adana harshe kamar yadda ake adana kaya a sito. Amma kayan da ba a fitar da su kasuwa, ajiya ce kawai.

Ina ruwanmu?

Mai karatu zai ce, Hausa ai ba ta cikin wannan haɗari. Gaskiya ne. Miliyoyin mutane ke magana da ita, kuma kundin da aka ƙaddamar a Yamai a watan Maris na 2025 ya ɗaga ta zuwa harshen ƙasa. A wannan labari mu ba Yukagir ba ne. Matsayinmu ya fi kama da na Yakut da Rashawa, masu harshen kasuwa wanda kowa ke koyo dole. A Agadas an taɓa yin wani harshe ɗan dangin Songai, wanda Bature matafiyi Barth ya tarar ana yi a 1850, yau ya ɓace. Ɗan uwansa Tasawak yana nan a Ingal, masu shi ƴan dubbai ne. Buduma na tafkin Cadi su ma ba su da yawa. Ba wanda ya hana su magana da harshensu, kamar yadda ba dokar da ta hana Yukagir a yau. Ciniki da makaranta da aure ne ke yin aikin a hankali.

Saboda haka, ƴan uwa, in abokiyar cinikinki ta juya ta yi wa ɗanta magana da harshen da ba ki ji, kada ki yi mata dariya, kada ki ce ta yi Hausa kowa ya ji. In kina da harshe biyu a gidanki, ba ɗiyanki duka biyun, yaro ba ya jin nauyinsu. Tsofaffin Kolima sun riƙe harshe biyar ba su rasa nasu ba. An rasa shi ne a lokacin da aka daina yi wa jarirai magana da shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.